Tukunyar da Ba a Juyawa

"Ka rantse mini, Uda. Ka rantse ba za ka juya ta ba."

Kinasih ce ta faɗi haka, tana riƙe da shingen gora na bayan gidansu, idonta taf da hawaye. A ɗaya gefen shingen Safril ne tsaye da tef ɗin awo rataye a wuya, don daga shagon ɗinkinsa ya sulalo. Uda take ce masa, wato yaya a bakin mutanensa na Padang, can tsibirin Sumatra. Shi kuma Dik yake ce mata, ƙanwa, kamar yadda samarin Yogya, garinsu Kinasih, ke kiran 'yan matansu.

"Dik, wace irin tukunya ce ba a juyawa?"

"Tamu."

"Tun daga asuba har la'asar?"

"Har la'asar. Ko murfin ba a ɗagawa."

Safril ya dafe kai da hannu biyu. "A gidanmu in ana dafa naman rendang, ka saki muciya don ka sosa kunne, sai uwata ta kwaɗa maka ita a ƙeya. Da juyi aka yaye ni, Dik. Hannun nan ko barci nake yi juyi yake."

"To gobe ka zaune shi," in ji ta. Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta.

Ga yadda abin yake. Kinasih marainiya ce, kakarta Mbah Sarjiyem ta raine ta, kuma Mbah ta daɗe da zaɓa mata miji a ranta: Danang, ɗan maƙwabciyarsu Bu Harjo. In an yi wannan aure, shinge kawai za a cire, gida biyu su zama ɗaya. Da Kinasih ta kawo zancen tela ɗan Padang, Mbah ta tofar da ganyen da take taunawa ta ce mutanen can ƙafarsu ba ta san zama ba. Da gemu ya fara tsiro wa yaro sai ya bar garinsu. Irin wannan ko ya tsallaka teku da jikarta, ko ya tsallaka ya bar ta.

Kinasih ba yarinya ba ce, ita ke koyar da zanen atamfa da kakin zuma a unguwarsu, amma ta rantse ba za ta yi auren da Mbah ba ta sa wa albarka ba. Ta yi kuka har wuyanta ya yi tsawo. A ƙarshe Mbah ta gindaya sharaɗi. Gobe ake sadakar marigayi mijinta, maƙwabta za su taru a yi addu'a. To telan ya zo ya dafa gudeg na sadakar, wato dahuwar ɗanyen ɗan itacen nangka, da hannunsa. In ya fito ja, yanka-yanka, kowane yanki da siffarsa, an ba shi Kinasih. In ya fito a dame kamar kunu, mutanen Danang su kawo kayansu. Kuma daga asuba har a buɗe tukunya, Kinasih ba za ta ce masa ko uffan ba. Da bakinta ta amsa.

"Saura abu ɗaya," ta ce tana share ido da bakin mayafi. "Kada ka kuskura ka ɗauko mata zancen al'adarku."

"Wace daga ciki?"

"Ka sani. Wai dangin mace ne ke zuwa neman namiji. In Mbah ta ji, sai ta suma, ta farfaɗo ta kore ka da tsintsiya."

"Ai rabin zancen kika taɓa bari na faɗa, Dik. Ɗaya rabin..."

"Nduk!" muryar Mbah ta taso daga madafa, kiran da take yi mata tun tana rarrafe. "Da wa kike magana a bayan gida, da aljanu?"

Kinasih ta kwasa da gudu.

* * *

Bishiyar nangka abar mamaki ce ga mai lura. Sauran itatuwa a reshe suke haihuwa, ita kuwa a jikin gindinta take fitar da 'ya'ya, manya kamar matashin kai, masu fata ƙaya-ƙaya, sai ka ce goyo ta yi ta gaba. Ta gidan Mbah ranar da aka haifi Kinasih aka dasa ta, a inda aka binne cibiyarta, shi ya sa Mbah ke gaishe ta kowace safiya kamar mutum. Ɗanyen ɗanta ake yanka a yi gudeg, tun bai nuna ya yi zaƙi ba. Sai dai yana da wani farin danƙo wanda in ya kama hannu, ruwa da sabulu ba su san hanyarsa ba, man kwakwa kaɗai ke raba shi da mutum.

Ana idar da sallar asuba Safril ya yi sallama. Ya sa farar riga, ya ɗaura zane irin na maza, a hamatarsa kuma ga wani dogon abu nannaɗe da ƙyalle.

"Mene ne wannan?" in ji Mbah.

Ya warware. Muciya ce, tsawonta ya kusa kai ƙirjinsa, ta yi baƙi tana sheƙi don daɗewa. "Uwata ta ba ni ranar da zan bar gida, Mbah. Ba na zuwa gaban wuta ba da ita ba."

"Kwale-kwale za ka tuƙa a madafata? Jingine ta can."

Kinasih tana kan dandamalin madafa tare da matan da suka zo aikin sadaka, tana tsince shinkafa. Ta ga ya shafa man kwakwa a hannu da wuƙa kamar yadda ta koya masa, ta ce alhamdulillahi a ranta. Ya feɗe nangka, ya yayyanka, farin danƙon yana zamewa daga yatsunsa.

Mbah ba ta ɓoye masa komai ba. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana nuni da sanda. A shimfiɗa ganyen bishiyar jati a gindin tukunyar ƙasa, shi ke sa jan launi. A jera nangka. A sa dafaffen ƙwan agwagwa da kaza a tsakiya. A zuba albasa da tafarnuwa da aka kirɓa da kayan ƙamshi, a marmasa mazarƙwailar kwakwa ba rowa, a kwarara madarar kwakwa har ta rufe komai.

"Barkono fa, Mbah?" ya tambaya.

Matan suka fashe da dariya, wata har tana dukan cinya.

"Barkono yana can cikin miyar ganda da ake haɗawa da shi, inda Allah ya ajiye shi," in ji Mbah. "Rufe."

Ya rufe da ganyen ayaba, ya kifa murfi, Mbah da kanta ta ɗora dutse a kai.

"Na gaya maka duk abin da na sani, ɗan Padang. Ba saninka nake son gani ba. Zamanka nake son gani."

* * *

Tukunyar gudeg tana da muryoyi, duk wanda ya tashi a Yogya ya san su. Da sassafe surutu take kamar matan kasuwa. Da hantsi sai ta koma gunaguni. In rana ta karkata, numfashi kawai za ka ji, irin na tsoho mai gyangyaɗi.

Safril ya zauna gabanta yana saurare, ƙafarsa ta dama tana rawa ita kaɗai, don ta saba da taka keken ɗinki. Ya gyara icce. Ya tashi ya zaga murhu, Mbah ta yi gyaran murya, ya koma ya zauna. Ya ƙirga kaji, ya ɗaure igiyar shanya da ta saki, ya tsinke wani zare da ya gani yana reto a labulen madafa. Duk sanda idonsa ya kai kan muciyar, sai Kinasih ta dakata da aikin hannunta. Can ta ga ya cusa tafin hannunsa ƙarƙashin cinya ya zaune su da gaske, sai ta ɓoye fuska a faifai kada a ga murmushinta.

Ƙamshi ya cika gida, ya tsallaka shinge. Ya yi azahar a tabarma kusa da murhu. Kinasih ta fara jin wani daɗi yana taso mata tun daga tafin ƙafa. An ci rabi da ɗoriya! Har ta fara hango kanta da furanni a gashi.

Sai ga ƙarar babur.

Danang ya shigo da riga mai zane sabuwa fil, gashi ya sha mai, uwarsa Bu Harjo na biye da shi da kwanon alkaki na shinkafa. Ya durƙusa ya sumbaci hannun Mbah kamar ɗan kirki, sannan ya taka har gaban murhu ya tsuguna.

"Sannu da aiki, Mas Tela. Ashe har girki ake ɗinkawa?" in ji shi. Mas ɗin nan kamar a ce Malam ne a bakin mutanen Yogya.

"Sannu, Mas Danang."

"Na ji an ce a garinku maza ne a madafa. Mata kuma fa, su ke hawa bishiyar kwakwa?"

Safril ya yi murmushi ya ci gaba da sauraren tukunya.

A lokacin an miƙo wa Kinasih wani nangka ta yanka don miyar baƙi. Ta karɓa, ta ɗauki wuƙa, idonta na can gaban murhu. Ita da aka haifa a gindin bishiyar, ita da ta koya wa wani, ta manta da man kwakwa. Tana yanka danƙo na bin yatsunta har wuyan hannu ba ta sani ba, domin ta ga abin da ba wanda ya gani: Danang yana magana yana tura busasshen ɓawon kwakwa cikin murhu da yatsan ƙafa, ɗaya bayan ɗaya.

Wuta ta tashi fuu. Tukunya ta bar numfashi ta koma tsaki.

Danang ya shaƙi iska ya yamutsa fuska. "Kai! Mas, ba ka ji ba? Ƙauri!"

Safril ya miƙe zumbur.

"Ta kama daga ƙasa, wallahi. Abincin sadakar mamaci fa! Ka juya ta sau ɗaya kawai, ni zan kare ka, Mbah ba ta kallo."

Ƙaurin gaskiya ne, ya shiga hancin kowa. Kinasih ta ga fuskar Safril ta sauya, ta zama ta yaron da uwarsa ke tsaye a kansa. Hannunsa ya tafi ga muciya kamar ba shi ya aike shi ba.

Ta yar da wuƙa. Ta tsallake kwandon shinkafa, ta ture wata baƙuwa, kaji suka watse suna kuka. Ta cafke muciyar ta tsakiya daidai lokacin da ya ɗaga ta. Ya ja, muciyar ta sulale cikin tafinta tana kwasar danƙo, ya sake kamawa ta ƙasa, ita ma ta ƙara damƙa ta sama. Da suka so saki, ba hali. Hannunta biyu sun manne a kan muciya, nasa na dama ya manne a gindi.

Amma hannunsa na hagu yana nan a sake, kuma ya riga ya dafa dutsen da ke kan murfi.

* * *

Kinasih ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta rufe. Hawaye suka zubo mata shar. Sai ta sunkuya ta dubi iccen da ke hannunta.

"Ke muciya," ta ce. "Da ke nake, ba da kowa ba."

Wata mata ta toshe baki.

"Ke muciya, na san inda kika fito. Na san a can in ba a juya ba an yi asara, kuma mai ke bai taɓa tsayawa yana kallo abinci ya ƙone ba. Don haka ma nake son sa, ba ya iya ganin abu na lalacewa ya naɗe hannu. Amma ki gaya masa ganyen jati ne ke ƙauri, aikinsa ke nan, shi yake ƙonewa don nangka ya tsira. In an buɗe an juya, komai zai dame, ni ma na dame."

Safril bai ɗauke hannu daga kan dutsen ba. Shi ma ya dubi muciyar.

"Muciya, ki tambaye ta. In ba ganyen ba ne fa? In har ciki ya ƙone, a ce ɗan Padang ya zauna kamar gunki ya ƙona sadakar kakanta? Hancina yana ce mini ya kama. Hancin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ki ce masa ni ma ban taɓa ba."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta yi ta sheshsheƙa, ga hannu ba damar share fuska.

"Ki ce masa ban ga cikin tukunya ba, ba zan rantse ba. Wuta ta yi yawa, wani ya ƙara ta da ƙafa, na gan shi. Amma in tukunyarmu ta kama, icce ake janyewa, ba murfi ake ɗagawa ba. Ya zaɓa, ko hancinsa ko ni."

Yatsun Safril suna nan kan dutse. Kinasih ta runtse ido.

Da ta buɗe, ya durƙusa, yana fizgo ɓawon kwakwa daga murhu da hannun hagu, yana watsarwa tsakar gida da wutarsu. Ɗaya ya faɗa kan takalmin Danang, ya yi tsalle yana salati. Wuta ta kwanta. A hankali tukunya ta bar tsaki, ta koma numfashinta.

"Mbah!" Bu Harjo ta ɗaga murya. "An karya sharaɗi! Kowa ya ji ta yi masa magana!"

Mbah Sarjiyem ta tako da sandarta, kwalbar man kwakwa a ɗaya hannun. Ta dubi ɓawon da ke hayaƙi a ƙasa, ta dubi ƙafar Danang, ta daɗe tana dubanta, har ya ja ta baya ya ɓoye.

"Ni da icce na ji tana magana," in ji Mbah. "Ban hana ta magana da icce ba. Ni ma kullum da shi nake gaisawa."

"To a raba su mana! Budurwa da saurayi a manne gaban jama'a?"

"Akwai kamu guda tsakanin hannu da hannu, na auna da ido." Ta cusa kwalbar a ɗamararta. "Ku zauna a haka. Yau dai na ga abin da ke zaunar da ɗan Padang."

Haka suka zauna, ita a wannan gefen, shi a wancan, muciya a tsakani. Ƙuda ya sauka a hancinta, ba hannun kora, ta yi ta hura masa iska. Ƙafar Safril kuwa, abin mamaki, ta daina rawa.

* * *

Ana kiran la'asar Mbah ta tsiyaya musu mai, suka murje hannu, aka yi salla. Maza suka cika tabarmi, mata suka yi cincirindo a bakin madafa. Mbah ta ɗauke dutse. Ta ɗaga murfi, ta yaye ganyen ayaba.

Tururi ya turnuƙe. Da ya washe, sai ga gudeg ja jawur mai duhu, ruwan ya tsotse, ƙwai sun rine kamar goro, kowane yanki na nangka yana kwance inda aka ajiye shi da asuba. Mata suka ɗauki shewa.

Mbah ta zura cokali har gindi, ta ɗebo, ta tauna da sauran haƙoranta.

"Ya yi ƙauri," ta ce.

Bu Harjo ta gyara mayafi tana murmushi.

"Daga ƙasa, kaɗan. Marigayi nan yake fara ci, har faɗa muke yi a kansa." Ta sake ɗebowa. "Ƙaurin ma ba aikin ɗan Padang ba ne, na san mai shi."

Danang ya tuna yana da wani uzuri a gari.

Mbah ta juyo ga Safril, idonta ya kawo ruwa. "Ka zauna, na gani. Turo manyanka. Abu ɗaya nake roƙo, in za ka tsallaka teku da ita, ka bari sai an binne ni."

Kinasih ta ga bakinsa na motsi, ta zare masa ido. Ya yi kamar bai gani ba.

"Mbah, ki gafarce ni. A wurinmu ba a kai mace gidan miji. Gida na mace ne, namiji ke kwaso kayansa ya tare. Ni da keken ɗinkina da muciyar nan za mu dawo, in akwai ɗaki."

Cokali ya tsaya a hannun Mbah. "Nan gidan?"

"Nan gidan. Sai dai..." ya sosa ƙeya, "manyana ba sa zuwa. Dangin mace ne ke zuwa wurin kawuna su nemi a ba su ni."

"Uda!" Kinasih ta dafe ƙirji.

"Ni?" in ji Mbah. "Ni Sarjiyem, da furfurata, in hau jirgin ruwa in je in durƙusa ina roƙon a ba ni ƙato?"

Mbah ta dubi bishiyar nangka kamar tana jiran shawararta. Ta dubi ɗakin marigayi da ya daɗe a kulle. Sannan ta dubi jikarta, wadda har yanzu akwai guntun danƙo a gefen kumatunta.

"Irin wannan busasshen gudeg ɗin yana jure tafiya," ta ce a hankali. "Nduk, sauko mini da babbar tukunyar da ke rataye a rumbu. Ba zan shiga gidan surukai hannu rabbana ba. Kai kuma ɗan Padang, jibi da asuba ka dawo ka sake zama. Ka bar muciyar a ɗakinka."

"Wane ɗaki, Mbah?"

Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta, ta jefa masa.